Gishirin Balma da Masu Gadin Kakuri

A Kakuri da Makera da Barnawa, kai har Narayi da Sabon Tasha, da wuya ka bi layi biyu ba ka ga Buzu a bakin wata ƙofa ba: rawani ya rufe baki da hanci, 'yar butar shayi a kan gawayi, sanda ko takobi a jingine da bango. Ido ya saba da shi har yaran yanzu suna ɗauka gadi ne gadon gidansu. Alhali a hannun mafi yawansu gadin nan bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba. Sana'ar da suka gada ta fi haka tsufa nesa ba kusa ba, kuma babu gidan Bahaushen da bai ci albarkacinta ba. Su ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa hamada da raƙuma suna kawo mana gishiri.

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, Azbinawa suka sauko Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Ni wannan ya fi kama mini hankali a kan labaran yaƙin da suka cika littafin. Mutumin da aikinsa ƙirga sarakuna da dawakai ne ya dakata ya rubuta zuwan gishiri, don ya san abin da rashinsa ke yi wa miya da kuma dabba. A wannan ƙarni ne sarautar Azbin ta zauna a Agadas, garin doguwar hasumiyar nan ta ƙasa mai mita 27, inda har gobe Hausa ake yi a kasuwa da cikin gida.

Gishirin kuwa ba a Azbin yake ba. Yana can gabas, bayan hamadar Tenere, a Fashi da Balma. Daga Agadas zuwa Balma ya haura kilomita 500, mafi yawansa rairayi ne tsantsa, ba ciyawa, ba itace, ba inuwa. Mu nan Kaduna ruwan da ke sauka mana a shekara yakan kai milimita 1,200. Balma ba ta cika samun milimita 20 ba, wata shekarar ma ko ɗigo. Mutanen garin ba sa ma marmarin ruwan sama, saboda da ƙasa mai gishiri suke gini, in aka tafka ruwa mai ƙarfi bango narkewa yake yi, ramukan gishiri su lalace. Ruwansu daga ƙasa yake ɓullowa a gindin dogon dutsen Kawar, shi ke shayar da dabino. Barebari da Tubawa ne mazauna wurin. Suna da dabino, suna da gishiri, amma gero ba ya yi musu. A da, abincinsu na shekara a bayan raƙumin Buzu yake zuwa, kuma shekarar da ayari bai iso ba yunwa ce a Balma ko da ramuka sun cika sun batse.

A Kalala, gab da garin, ake aikin. Ramuka ne marasa zurfi da ruwan gishiri ke tsatsowa cikinsu, wani ja, wani ruwan ɗorawa. Rana ta dafa ruwan, ɓawo ya taru a sama, mai rami ya shiga ya farfasa shi ya nutse, gobe wani ya sake taruwa. Farin da ke zama a ƙasa shi ne beza, na miya. Mai gauraye da ƙasa kuma a kwaɓa shi a cusa cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife shi ya bushe, ya fito da siffar turmin da aka juya bakinsa ƙasa. Wannan ne kantu, na dabbobi, nauyinsa wajen kilo 20 zuwa 25. Raƙumi yakan ɗauki huɗu zuwa shida, kowanne a naɗe cikin tabarmar kabar goruba da matan Azbin suka saƙa tun kafin a taso, domin kantun da ya karye a hanya kuɗinsa ya faɗi.

Ayari ba ya tashi sai damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba, lokacin da raƙuma suka ƙoshi, tozo ya cika, zafi ya fara sauka. Aikin farko yankan ciyawa ne. Tunda babu abin da raƙumi zai ci a Tenere ko a Balma kanta, dole a ɗora masa abincinsa na zuwa da na komowa. A hanya ana sauke wasu damman a bar su a fili da alama, a tarar da su a dawowa, kuma ba mai taɓa na wani, don kowa ya san ɗaukar damin nan daidai yake da kashe mai shi. Ana sa wa raƙuma takunkumi kada na baya ya cinye kayan na gaba. Kashin raƙumi ma ba a barinsa, yara ke tsincewa, shi ne makamashi.

Da an shiga rairayi babu sauran zango da rana. A ɗaura kaya da sassafe, a yi ta tafiya har dare ya yi nisa, sa'a 14 ko 16, akalar kowane raƙumi a ɗaure da na gabansa. Tsayawa asara ce, kowace sa'a da aka ɓata ruwan salka take ci. Saboda haka a tafe ake komai. A tafe ake dama tukuɗi, gero da cuku da dabino da aka daka tun daga gida, a zuba ruwa, a sha, a miƙa wa na kusa. A tafe ake dafa shayi, mutum na riƙe da ɗan kaskon waya yana lilo da shi iska na hura masa gawayi. In salla ta yi, mutum ya ɗaga ƙafa ya wuce gaba, ya yi taimama, kafin ya sallame ayari ya cim masa.

Duk jama'ar nan ransu, bayan Allah, a hannun mutum ɗaya yake, madugu. Ba shi da taswira. Da dare taurari yake bi, da rana inuwarsa da kuma yadda iska ta tsefe rairayi, domin iskar Tenere kusan kullum daga arewa maso gabas take busowa, tuddan rairayi sun jeru bisa hanyarta. In ya kauce da kaɗan tun da safe, kafin yamma ya bar rijiya a gefe ba tare da ya gan ta ba, kuma wanda ya wuce rijiya a Tenere ba ya samun ta biyu. A kan hanyar Fashi akwai alama guda da kowa ya sani, wata bishiyar ƙaya tilo wadda babu 'yar'uwarta a ko'ina kusa. Da aka haƙa rijiya a gefenta a ƙarshen shekarun 1930 sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Al'adar ayari ita ce ba a karya reshenta a dafa shayi komai tsananin buƙata. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Komowa Azbin rabin aiki ne. Bayan ɗan hutu sai a sake ɗaura kaya a yi kudu: Damargu, Damagaram, Tasawa, Katsina, Kano. An gama kaka, gero na araha, gonaki sun zama fili. Manomi ya yi maraba da Buzu ya sauka a gonarsa, raƙuma su ci kara da ganyen gawo su bar masa taki. A nan za a yi rani ana bin kasuwannin ƙauye da kantu da dabino, ana tara geron gida da na Balma na baɗi. Kafin a juya kuma sai an biya Kura, inda ake rina alasho a buga shi har ya yi walƙiya. Baƙin rawanin nan da duniya ta san Buzu da shi, wanda ke barin shuni a goshinsa, aikin marinan ƙasar Kano ne. Sai hadari ya fara haɗuwa a koma arewa, don raƙumi ba ya shiri da caɓi da ƙudan damina. In ka lissafa, namijin Azbin ya fi daɗewa a ƙasar Hausa kowace shekara a kan gidansa, mata ne ke riƙe da awaki da bukkoki da yara. Wanda ke mamakin Hausar da ke bakin Buzu, ga inda ta fito.

Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da irin wannan ayari ya sauko daga Azbin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a Fabrairun 1851. Ya ƙiyasta kayan gishirin da suka taho tare da kimanin raƙuma 3,000. A farkon ƙarni na 20 Faransawa sun ƙirga ayarin Balma da ya kai raƙuma 20,000. Yawan nan tsoro ne ya haifar da shi: maharan Tubawa da Larabawa suna tare hanya, sai a taru a tafi gaba ɗaya.

Ba zan yi wa zamanin nan kwalliyar da ba tasa ba. Akwai bauta a cikinsa. Manyan Azbinawa suna da bayi da 'yantattu da suka zaunar a ƙauyukan Damargu da Katsina da Kano suna yi musu noma da kiwo, kuma wahalar ayari da yawa a wuyan waɗannan take. Amma daga cikin zuriyarsu ne Agalawa da Tokarawa suka fito, fataken goron da suka cika hanyar Gwanja. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma, Ba'agale ne. Mai raina Buzun bakin ƙofa ya riƙa tuna wannan.

Shekarar 1917 ta haɗa labarin Azbin da na garinmu. A ƙarshen 1916 wani jagoran Buzaye mai suna Kawsan ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, da goyon bayan Sarkin Azbin Tagama. A watan Maris na 1917 dakaru suka taso daga Damagaram suka fasa ƙawanyar, aka kashe mutane da yawa har da malamai, aka ƙwace raƙuma, aka kwashe jama'a daga duwatsu. Dubbai suka gudo Kano da Katsina da Sakkwato. Kawsan ya mutu a Fezzan a 1919, Tagama a kurkuku a 1920. A wannan shekara ta 1917 ne kuma Turawan Ingila suka gama ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, garin da jirgin ƙasa ya haifa. Dogo ya riga ya isa Kano tun 1911, kuma ta kan gadar kogin nan namu gishirin buhu na Turawa ya riƙa wucewa arewa, fari tas, mai araha. Beza ta fara fita daga tukunyar miya. Kantu ya tsira saboda makiyaya sun ƙi sakinsa, masu raƙuma kuma suka sami sabon aiki na ɗan lokaci, jigilar gyaɗa zuwa tashar Kano, har motoci suka karɓe shi.

Duk da haka ayari ya miƙe, ya ci gaba. Abin da ya karya shi sama ce. Daga 1968 damina ta riƙa ja da baya, 1973 ta zo da abin da tsofaffi ba su gani ba tun yunwar Kakalaba ta 1913. Ciyawa ba ta fito ba, rijiyoyi suka ƙafe, mutum ya wayi gari da akala a hannu babu raƙumi. Wasu suka tare a sansanin Lazare a bakin Yamai suna jiran tsabar taimako. Yadda aka yi da tsabar nan yana cikin dalilan da Seyni Kunce ya bayar da ya kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974. Waɗanda suka ƙi zaman jira suka bi hanyar da ƙafarsu ta sani, suka yi kudu, sai dai wannan karon hannu biyu. Bayan shekara goma abin ya dawo, ya tarar kuma Nijeriya ta rufe iyaka a 1984. Mutanen Nijar har yau da sunan shugaban Nijeriya na lokacin suke kiran yunwar nan.

Kudancin Kaduna kuwa a shekarun nan kakarsa ta yanke saƙa. Masaƙar KTL tana aiki a Kakuri tun 1957, ga Arewa, ga Nortex, ga UNTL, a 1975 Fijo ta fara harhaɗa motoci. Kuɗin mai ya shigo, gidaje masu katanga suna tashi a Barnawa, kowane sito da kowane gida yana neman mai gadi. Buzu ya dace da aikin ta kowace fuska: ya saba da rashin barci, ba shi da dangi a gari da za a haɗa baki da su, ana jin tsoron layunsa, kuma an shaide shi da amana. Masu gida sun sami gadi mai kyau da araha ƙwarai, wannan ita ce gaskiyar magana. Mutumin da ya taɓa jan raƙuma goma ya koma kwana a rumfar langa-langa kan albashin da bai kai na ɗan aike ba.

Mahaifina a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya yi aiki, a Makera muka tashi, cikin ƙarar jiniya da kekunan ma'aikata da ke cika titi in an tashi aiki. Bayan gidanmu akwai wani sito da wani dattijon Buzu ke gadi, mutumin wajen Timiya ta ƙasar Azbin. Baba muke ce masa. Da ruwan da bai cika gwangwanin madara biyu ba yake alwala, kuma a gindin wata 'yar bishiyar lemo yake yi don kada abin da ya zuba ya tafi banza. Wata rana cikin Agusta an kwana ana ruwa, kwata ta cika tana gudu zuwa kogi, na kai masa koko na same shi a tsaye yana kallonta.

"Yaro, duk ruwan nan ina za shi?"

"Kogi, Baba."

"Ba mai tare shi?"

Na ce babu. Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce da rabin wannan ya sauka a Azbin shekarar da ya baro gida, da ban taɓa ganinsa ba.

In hunturu ya shigo, mu muna kukan kaushi da tsagewar leɓe, shi lokacin yake sakewa. Yakan ja amawali ya ce wannan iskar gida ce. Bai yi kuskure ba. Ƙurar da ke rufe mana rana a Disamba da Janairu, ta hana jirgi sauka, daga yankin Balma da Faya take tasowa, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙasa. Babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura, har wata takan tsallake teku ta sauka a dajin Amazon. Mu in aka ce hamada zafi muke tunawa, kuma akwai shi, a bazara Balma takan wuce digiri 44. Amma Baba in yana labarin ayari sanyi yake fara faɗa. Ya ce akwai asubar da za ka taɓa bakin salka ka ji ruwan ya yi ƙanƙara, yatsu su ƙi lanƙwasuwa, ga igiya tana jira a ɗaure kaya. Rawanin da muke gani kamar ado shi ke tare ƙura, ya riƙe danshin numfashi, ya hana maƙogwaro bushewa, ko da yake a wurinsu ya wuce haka: namiji ba ya buɗe baki gaban surukinsa ko babba.

Yana da guntun kantu a cikin jakar fata. Ana saura kwanaki Babbar Salla ragonmu ya ƙi cin dusa, mahaifina ya rasa yadda zai yi. Baba ya zo ya duba bakinsa, ya kankaro gishirin nan da wuƙa, launinsa toka-toka, ya barbaɗa a tafin hannu. Ragon ya lashe har yana bin hannun. Ya ce, "Maigida, ba ciwo ba ne, kwaɗayin gishiri ne." Da yamma ragon ya cinye dusarsa. Abin da Fulani suka sani ke nan tun da can, shi ya sa buhun Turawa bai raba su da kantu ba: suna cewa ya fi sa dabba cin abinci da shan ruwa.

Masaƙun da suka jawo Buzaye su ma sun bi hanyar ayari. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, Kakuri ta cika da manyan gine-gine da ciyawa ta cinye, wasu ma Buzayen ne suka rage suna gadin kangonsu. Rikicin 2000 da na 2002 ya raba garin nan, mutane suka yi ta ƙaura zuwa wannan ƙetaren kogi ko wancan, amma na ga Buzaye da yawa sun zauna inda suke suna tsare gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, har ƙura ta lafa. Yanzu kamfanonin tsaro masu kaki suna karɓe ƙofofin Barnawa ɗaya bayan ɗaya.

A can gida kuma hanya ta sake. Tun da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971 aka shimfiɗa kwalta zuwa Agadas, manyan motoci suna zuwa Balma su ɗauko a tafiya ɗaya abin da raƙuma da yawa za su ɗauka. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sun sha tsayar da tafiya. Da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, samarin da da za su bi iyayensu su koyi taurari suka tafi haƙa. Rufe iyaka na 2019 da na 2023 kowanne ya datse hanyar geron da gishiri ke musanya da shi. Duk da haka, in damina ta yi kyau, mutanen Timiya da Tabelot suna yanka ciyawa a watan Oktoba su kama hanya, raƙuma gommai ko 'yan ɗaruruwa. Lissafinsu mai sauƙi ne: mota sai an saya mata mai da taya, raƙumi kuwa da ciyawar da aka yanka kyauta yake zuwa ya dawo. Mafi yawan kantun a kasuwannin Nijar ake sauke shi yanzu, daga nan 'yan kasuwa su loda wa mota zuwa kasuwannin dabbobi na Arewa, inda ake kasa shi kusa da kanwa.